Ruwan Kyanwa da Kare: Illar Haddace Salon Maganar Ingilishi

Duk wanda ya leƙa littafin rubutun ɗalibin da ke shirin jarrabawar bak a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, da wuya ya rasa wani shafi da aka tsaga gida biyu da layi. A hagu an jera salon maganar Ingilishi, a dama an jera ma'anoninsu da Faransanci, wani lokaci da Hausa. “It is raining cats and dogs”, ana ruwa da ƙarfi. “A piece of cake”, abu mai sauƙi. “To kick the bucket”, mutuwa. Haka jerin zai yi ta gangarawa har ya kai hamsin ko ɗari, an kwafo shi daga allo, ko daga ƙasidar bakin titi, ko daga saƙon da ke yawo a WhatsApp. Ɗalibi ya haddace shi kamar jadawalin lissafi, malami ya yaba, iyaye su yi murna ɗansu ya fara Ingilishin manya.

Wannan hanya yaudara ce da ta sami gindin zama a makarantu, kuma lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta. Tana cinye lokacin ɗalibi, tana ba shi tabbacin da bai cancanta ba, sannan ta tura shi gaban jama'a da makamin da bai san bakinsa daga ƙotarsa ba. A da ana iya cewa ɓarnar ba ta wuce takardar jarrabawa. Yanzu ta wuce. A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Nijar suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan ɗaliban yau su ne za su rubuta wasiƙun ofis, su yi tafinta a taro, su yi ciniki da Kano da Kumasi da Dubai cikin wannan harshe. Kuskuren da ake yi wa dariya a aji, gobe a teburin aiki za a biya kuɗinsa.

Bahaushe ya riga ya san abin

Salon magana shi ne jerin kalmomin da suka daskare wuri ɗaya, har ma'anarsu ta daina fitowa daga ma'anar kowace kalma ita kaɗai. Babu wanda ya kamata a yi wa dogon bayani a kan wannan kamar Bahaushe, domin harshensa cike yake da su. Wanda ya ci hanci bai kai haƙori ga hancin kowa ba. Mai farin jini, in ya yanke, ja zai zubar kamar kowa. Ana cin amana, ana cin bashi, ana cin jarrabawa, ana cin mutunci; ana shan iska, ana shan wuya, ana shan alwashi, kuma babu ɗaya daga ciki da ke bi ta maƙogwaro. Yaro ɗan shekara bakwai a Tasawa ya san waɗannan duka, bai kuwa taɓa ganin su a jere cikin layi biyu ba. Ya ji su ne a bakin mutane, a lokacin da suka dace, ga wanda suka dace da shi. Ya kuma san ba a cewa “ya tauna hanci” ko “yana da jini fari”, ko da yake kalmomin sun yi kusa.

Abin mamaki shi ne, da zarar an shiga ajin Ingilishi sai a ajiye wannan sani a bakin ƙofa tare da takalma. A ɗauki maganar da ke da tarihi da daraja da muhalli, a yanke mata duk waɗannan, a liƙa mata kalma ɗaya a gefe, a ce an koyar. Sanin ma'anar salon magana kashi ɗaya ne kawai cikin abin da ake bukata. Sauran shi ne: wa ke faɗarsa, ga wa, a ina, kuma har yanzu ana faɗarsa ko ya tsufa? Jeri ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da jeri ke ɓoyewa

A fara da daraja. Jeri ya ce “to kick the bucket” na nufin mutuwa, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne wace irin mutuwa, a bakin wa. Hausa tana da “Allah ya yi masa rasuwa”, da “ya riga mu gidan gaskiya”, da “ya kwanta dama”, tana kuma da “ya sheƙa lahira”. Duka mutuwa suke nufi, amma wanda ya shiga zaman makoki ya yi amfani da ta ƙarshen, ba zai gama gaisuwa a zaune ba. Maganar shurin bokiti ƴar'uwar ta ƙarshen ce. Tun a 1785 ta bayyana a ƙamus ɗin Francis Grose, wanda ya tattara maganganun ƴan tasha da ɓarayi da mashaya na Ingila, kuma har yau ba ta bar wannan unguwa ba. A ɗauka ma'aikaci ne a wata ƙungiyar agaji, mahaifin shugabarsa ya rasu, ya zauna rubuta ta'aziyya, ya tuna shafin da ya haddace, ya ga dama ta samu ta nuna gwaninta. Niyyarsa girmamawa, abin da ya isa hannun matar kuwa izgili ne ga mamacinta. Mai harshen zai ce “passed away”, ko ya ce “died” kawai, wadda ba ta da aibi ko kaɗan. Laifin wannan wasiƙa ba na marubucinta ba ne shi kaɗai, har da wanda ya rubuta masa kalma ɗaya a hannun dama ya wuce.

Sai shekaru. Magana tana tsufa kamar tufa. Ruwan kyanwa da kare, wanda kusan kowane jeri ke buɗewa da shi, misali ne mai ban dariya. Jonathan Swift, marubucin nan ɗan Ailan, ya sa shi cikin littafinsa Polite Conversation na 1738, littafin da ya rubuta musamman don yi wa masu hannu da shuni na zamaninsa ba'a saboda hirarsu ta cika da maganganun da bakuna suka gama taunawa. Wato kusan shekara ɗari uku ke nan da aka fara yi wa wannan magana kallon tsohon yayi. Mutumin Landan da ruwa ya tsare a yau zai fi cewa “it's pouring”. Haka “to carry coals to Newcastle”, kai gawayin kwal garin da ake haƙo shi, kwatankwacin mai ɗaukar goro ya nufi Gwanja. Maganar ta yi ma'ana lokacin da Newcastle ke cika jiragen ruwa da kwal. An rufe mahaƙar kwal mai zurfi ta ƙarshe a Birtaniya a 2015, hoton da ke cikin maganar ya dushe ko ga jikokin masu ita. Ba laifi ba ne ɗalibi ya gane ta in ya gamu da ita a tsohon littafi. Laifin shi ne a sa shi ya ɗauka da ita ake hira.

Sai ƙasa. Ingilishi ba na gari ɗaya ba ne, kuma magana ɗaya kan juya fuska in ta ƙetare teku. A majalisar Birtaniya “to table” wata magana shi ne a gabatar da ita don a tattauna. A majalisar Amurka kuwa shi ne a jingine ta. Winston Churchill ya ba da labari a littafinsa na tarihin Yaƙin Duniya na Biyu cewa hafsoshin ƙasashen biyu sun taɓa yin doguwar gardama a kan wata takarda ta gaggawa: Ingilawa na cewa a ɗora ta a tebur, Amurkawa na ƙi, alhali duka ɓangarorin so suke a duba ta nan take. Idan manyan hafsoshi masu harshen uwa ɗaya sun faɗa wannan rami, ina ga tafintan da aka ba ma'ana ɗaya tak? Haka “a moot point”: ga Ba'ingile batu ne da ke buɗe ga muhawara, ga Ba'amurke batu ne da muhawara a kansa ba ta da sauran amfani.

Sai siffa. Salon magana ba ya son taɓi. Ana cewa “spill the beans” ga wanda ya fasa ƙwai, ya tona abin da aka ɓoye. In aka canza waken da shinkafa, magana ta mutu. In aka juya jimlar shurin bokiti aka ce bokitin ne aka shura, sai a koma ga bokiti na gaske da ƙafa ta gaske. Wanda ya haddace da ka, ba da kunne ba, kullum yana cikin haɗarin musanya kalma da ƴar'uwarta, kuma rabin salon magana ya fi rashinsa muni.

Gada biyu kafin a isa

Ɗalibin Nijar yana da wata matsala ta daban da ɗan'uwansa na Katsina ko Tamale ba shi da ita. Sau da yawa ba daga Hausa yake shiga Ingilishi ba, sai ya bi ta Faransanci. Tunaninsa na Hausa, bayanin malami na Faransanci, abin da ake nema na Ingilishi: gada biyu, kuma a kowace gada kaya na zuba. Harsunan uku ba sa ganin duniya da hoto ɗaya. Inda Bahaushe ya ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, Bafaranshe igiyoyi ya gani suna saukowa, “il pleut des cordes”. Abin da ya yi tsada, Bafaranshe ya ce ya ci idanun da ke kansa, Ba'ingile ya ce hannu da ƙafa ya ci, “an arm and a leg”. Wanda muryarsa ta dushe, a Faransa kyanwa ce a maƙogwaronsa, a Ingila kwaɗo ne. Wanda ya sulale daga taro ba sallama, Ingilawa sun ce ya yi tafiyar Faransawa, “French leave”, Faransawa suka rama suka ce ya yi ta Ingilawa, “filer à l'anglaise”. Duk wanda ya ɗauki hoton wani harshe ya sa masa kalmomin wani, abin da zai fito ba na kowa ba ne.

Tarihi ya ajiye misalin inda wannan hanya ke kaiwa. A 1855 aka buga wani littafin koyon hira na Fotugisanci da Ingilishi a Paris, aikin wani mai suna Pedro Carolino. Bisa dukkan alamu mutumin bai iya Ingilishi ba. Ya ɗauki littafin hira na Fotugisanci da Faransanci, ya riƙe ƙamus na Faransanci da Ingilishi, ya yi ta juya kalma da kalma, har da babin salon magana da karin magana. Abin da ya fito ya zama abin dariya a duniya, har aka sake buga shi a 1883 da sunan English as She Is Spoke don nishaɗi kawai, Mark Twain ya rubuta wa bugun Amurka gabatarwa. Carolino ba mahaukaci ba ne, ba kuma malalaci ba ne. Ya yi aiki tuƙuru da hanyar da ba ta kaiwa. Ita ce dai hanyar da ake ɗora yara a kanta yau, sai dai an rage mata tsawo.

Ko an cire Faransanci daga tsakani, kamannin kalmomi na da nasa tarko. “To pull someone's leg” zolaya ce. Bahaushe da ya ji jan ƙafa, jinkiri da noƙewa zai fahimta, wanda a Ingilishi “to drag one's feet” ne. “Cold feet” tsoro ne da ke kama mutum dab da aikata abin da ya yi niyya, kamar ango da ya fara tunanin fasawa ana gobe ɗaurin aure; ba shi da dangantaka da sanyin jiki. A wani wurin kuma harsunan kan haɗu a ma'ana su rabu a hoto: wanda Ba'ingile ya ce ya ci kalmominsa, “to eat one's words”, Bahaushe ya ce ya lashe amansa, “to turn a deaf ear” kunnen uwar shegu ne, “between the devil and the deep blue sea” gaba kura ce baya sayaki. Irin wannan gwadawa ita ce koyarwa ta gaske, domin tana nuna wa ɗalibi nauyin magana da abin da ya riga ya sani a jininsa. Amma tana bukatar malamin da ya san Hausa ya kuma girmama ta, ba wanda ke ganin ambatonta a ajin Ingilishi faɗuwa ce ba.

Asali na gaskiya da na tatsuniya

Yawancin salon maganar Ingilishi sun fito ne daga sana'o'i da wasanni da littattafan da suka gina rayuwar masu harshen. Ingila tsibiri ce ta masu jiragen ruwa, shi ya sa wanda ya san kan aiki aka ce “he knows the ropes”, ya san igiyoyin jirgi, kuma in aiki ya taso wa kowa a ce “all hands on deck”. Daga dambe aka sami “to throw in the towel”, domin mai kula da ɗan dambe kan jefa tawul cikin fage in ya ga yaronsa ya gaza, da “below the belt”, naushin da doka ta hana. Daga tatsuniyoyin Aesop aka sami “sour grapes”, labarin dilan da ya kasa kaiwa ga inabi ya ce da ma tsami gare shi. Ma'anarta ke nan, raina abin da ya gagari mutum, ba kowace irin hassada ba. Daga wasan besbol na Amurka aka sami “a ballpark figure”, ƙiyasin da bai yi nisa da gaskiya ba, da “to touch base”, a ɗan tuntuɓi juna, waɗanda ma'aikacin ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa zai ji kusan kowane mako. Sanin irin wannan asali yana taimakawa, domin yana maido wa magana hotonta, hoto kuwa ya fi hadda zama a ƙwaƙwalwa.

Amma nan ma masu jeri sun shigo da ɓarna. Saboda labarin asali na da daɗin ji, sai aka cika shafuka da na ƙarya. Wanda ya fi yawo shi ne cewa a tsohuwar Ingila kyanwoyi da karnuka kan kwana a kan rufin ciyawa, in ruwa ya yi ƙarfi su zamo su faɗo. Masana tarihin kalmomi ba su sami wata shaida a kan haka ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin ɗakin ciyawa ya san kare ba ya kwana a kansa. Malamin da ya ba da wannan labari a matsayin ilimi ya koyar da abu biyu a lokaci ɗaya: maganar da ta tsufa, da ɗabi'ar karɓar duk abin da ya yi daɗin ji.

Waɗanda aka bari a baya

Babbar asarar ita ce abin da jeri ya ture gefe. Salon maganar da Ingilishi ke rayuwa a kansu kullum ba masu kyanwa da bokiti ba ne. Ƙanana ne marasa ado, aikatau da ƴar kalma a bayansa: “give up”, “look after”, “run out of”, “turn down”, “put up with”, “carry out”. Babu wasiƙa, babu labarin rediyo, babu takardar magani da ba a samun irinsu. Su ma ma'anarsu ba ta fitowa daga kalmominsu, kuma kuskure a kansu na da tsada. Taron da aka ce an yi masa “put off” an ɗaga shi ne zuwa wani lokaci. Wanda aka yi wa “call off” an soke shi. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya kasa bambance su zai iya biyan kuɗin mota zuwa Kano don taron da babu shi, ko ya saki cinikin da jinkiri kawai ya samu. Jeri ba ya son waɗannan domin ba su da ban dariya, ba sa kuma sa a tafa wa ɗalibi.

Haka kuma ba a gaya wa ɗalibi cewa Ingilishin da zai fi ji a rayuwarsa na maƙwabta ne, kuma shi ma yana da nasa salon. A Najeriya matar da ta haihu an ce ta yi “put to bed”, alhali a Ingila kwantar da yaro barci ke nan. Mai tashi ya fita yakan ce “I am coming”, wadda “ina zuwa” ce ta Hausa da sauran harsunan yankin ta sa riga. Ana yaba wa mutum da “more grease to your elbow”, inda Ba'ingile ke cewa “more power”. Waɗannan ba kurakurai ba ne a gidansu. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Ingilishin Najeriya, ciki har da “put to bed” da “rub minds” da Kannywood. Abin da ɗalibi ke bukata shi ne ya san iyakar kowace magana: wadda za a gane a Legas da Akara, da wadda za a gane a ko'ina.

Hujjojin masu kare jeri

Masu wannan hanya suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Ta farko ita ce jarrabawa na tambaya. Gaskiya ne, amma a duba yadda take tambaya. A takardar Ingilishi ta WAEC, wadda ɗalibai ke rubutawa a Najeriya da Gana, ana kawo jimla cikakkiya mai ɗauke da salon magana, a ce a zaɓi fassarar da ta fi dacewa. Fahimta ake aunawa, cikin muhalli. A jarrabawar IELTS kuma, ma'aunin da ke yaba amfani da salon magana ya haɗa shi da sanin dacewa da sanin kalmomin da ke tafiya tare. Wanda ya cusa ruwan kyanwa da kare a inda bai dace ba ya nuna wa mai jarrabawa hadda ne, kuma an horar da shi ya gane ta.

Ta biyu ita ce salon magana gishirin harshe ne, wanda ba ya amfani da shi Ingilishinsa lami ne. Masu harshen da kansu ba su yarda da haka ba. George Orwell, a maƙalarsa ta 1946 kan siyasa da harshen Ingilishi, ya yi kaca-kaca da marubutan da ke jingina da kwatancen da suka mutu don gudun wahalar tunani, ya kuma nuna yadda wasu ke rubuta “tow the line” maimakon “toe the line” saboda sun daina ganin hoton da ke ciki. Shawararsa ita ce marubuci ya guji duk adon maganar da ya saba gani a buge. Muryar Amurka, da ta buɗe shirinta na Ingilishi mai sauƙi a 1959 da kalmomi kimanin 1,500, ta kauce wa salon magana a labaranta, ta ware masa shiri na musamman inda ake bayaninsa a tsanake. In gishiri ne, to a tuna miyar da gishiri ya yi wa yawa ba ta shayuwa.

Ta uku ita ce ta fi nauyi: aji ya cika, littattafai sun yi ƙaranci, sa'o'in Ingilishi kaɗan ne, jeri kuwa ba ya bukatar komai sai alli. Wannan uzuri ne na gaske, ba a raina shi. Sai dai ƙarancin lokaci hujja ce a kan jeri, ba hujja ce gare shi ba. Wanda ke da sa'a biyu bai kamata ya ɓatar da ɗaya a kan maganganu ɗari da ɗalibi ba zai yi amfani da goma daga cikinsu daidai ba. Maganganu goma sha biyar da aka koyar cikin jimla, da muhallinsu da takwarorinsu na Hausa, ba su fi jerin ɗari cin alli ba.

Hausa ma tana biyan kuɗin

Ɓarnar ba ta tsaya ga Ingilishi ba. Wanda aka koya wa cewa salon magana kalmomi ne da ake musanyawa ɗaya da ɗaya, in ya zama mai fassara a gidan rediyo ko ofishin gwamnati, haka zai juyo da su cikin Hausa. Daga nan ake samun “a ƙarshen rana” inda ake nufin daga ƙarshe, da “baƙar tunkiya” inda ake nufin ɗan da ya fita zakka a gidansu. Mafi muni shi ne inda hoton ya juye gaba ɗaya. “A white elephant” aiki ne da ya ci dukiya ba amfani, ana danganta maganar da fararen giwayen sarakunan Siyam, waɗanda ba a sa su aiki amma dole a ciyar da su. Giwa a kunnen Bahaushe kirari ce ta sarakai da manya. Mai fassarar da ya kira wani aikin gwamnati farar giwa ya yabi abin da mai maganar ya zaga, manomin da ke sauraro a Mayahi kuwa ya tafi da akasin labarin. Gaskiya ne wasu aron sun zauna har sun zama ƴan gida, kamar hawayen kada da mayar da hannun agogo baya, domin hotonsu a bayyane yake ga kowa. Harshe na da ikon karɓar baƙo. Amma jama'a ne ke karɓa bayan sun gane, ba mai fassara ne ke turo musu abin da shi ma bai gane ba.

Abin da ya kamata a yi

Gyaran ba ya bukatar kuɗi. Ƙa'ida ta farko ita ce a raba ganewa da amfani: ɗalibi ya gane da yawa, ya yi amfani da kaɗan, kuma kada ya rubuta salon maganar da bai taɓa gani a rubutun mai harshen ba sau da dama. Ta biyu, kada a rubuta salon magana a allo shi kaɗai. Ya zo cikin jimlar da aka ciro daga jarida ko labarin rediyo, a faɗi wa ya yi maganar da wanda aka yi wa. Ta uku, a yi wa kowanne alama: na raha ne ko na girmamawa, na Ingila ne ko na Amurka ko na Afirka ta Yamma, yana raye ko ya tsufa. Ƙamus nagari na masu koyo yana ɗauke da waɗannan alamomi, sai dai ba a koya wa yara duba su. Ta huɗu, a ba ƙananan aikatau irin su “put off” da “call off” kaso mafi tsoka na lokaci. Ta biyar, a nemi takwara a Hausa kai tsaye, a auna nauyinsu tare da ɗalibai, kuma inda babu takwara a faɗi ma'ana da magana miƙaƙƙiya, ba a ƙirƙiro wani abu ba.

Nauyin yana kan masu horar da malamai a jami'o'in Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa, da masu tsara manhaja, da kowane malamin da ke riƙe da alli. Ɗalibin da ya rubuta wa shugabarsa cewa ya yi baƙin cikin rasuwar mahaifinta, cikin kalmomi shida masu sauƙi, ya fi wanda ya haddace ɗari ya shura bokiti iya Ingilishi. A gaya masa haka tun yana aji, kafin ya kai ga rubuta wasiƙar.